Tsuntsun da ake yi wa shuka

1. Ɗan ƙaramin tsuntsu

Kolibri tsuntsu ne na nahiyar Amurka. Ana samunsa tun daga Alaska, can arewa inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, har ƙarshen kudancin Arjantina. Bayan wannan nahiya da tsibiranta, babu inda yake zaune a duniya.

Irinsa ya fi 360. Mafi yawansu suna ƙasashen duwatsun Andes, kamar Kolombiya da Ekwado da Peru. Ƙasar Meksiko tana da kusan iri 60. Ƙaramin cikinsu yana tsibirin Kuba. Tsawonsa daga baki zuwa wutsiya santimetir 5 zuwa 6 ne, nauyinsa kuwa wajen garam 2. Duk tsuntsayen duniya babu wanda ya kai shi ƙanƙanta. Babban cikinsu ma bai wuce nauyin gwara ba. Akwai wani mai jan wuya, wanda aka fi sani a gabashin ƙasar Amurka. Shi nauyinsa garam 3 ne, wato daidai da dala guda ta ƙarfe.

Kowace ƙasa da sunan da ta ba shi. Faransawa suna ce masa «colibri», ko kuma «oiseau-mouche», wato tsuntsu-ƙuda. Mutanen Meksiko suna ce masa «chuparrosa», mai tsotson fure. A Barazil sunansa «beija-flor», mai sumbar fure. A yammacin Meksiko akwai wani tsohon gari da ake kira Tzintzuntzan, ma'anarsa wurin kolibri. Wanda ya faɗi sunan da sauri zai ji kamar ƙarar fiffike.

Tashinsa dabam yake da na sauran tsuntsaye. Mai jan wuya yakan kaɗa fukafukansa wajen sau 50 cikin daƙiƙa guda. Ido ba ya iya bin su, sai dai kunne ya ji «zuuu» kamar ta ƙudan zuma. Yakan tsaya cik a cikin iska gaban fure. Yakan yi gaba, ya yi gefe, har ya yi baya-baya. Ƙafafunsa kuwa ƙanana ne ƙwarai. Yana iya kama reshe da su, amma ba ya tafiya a ƙasa.

Gashin wuyan namiji yana da ban mamaki. In yana cikin inuwa, sai a ga wuyan baƙi. Da ya juya kai rana ta faɗa masa, sai wuyan ya yi ja kamar garwashin da aka hura.

2. Cikin da ba ya jira

Irin wannan tashi yana cin ƙarfi. In kolibri yana cikin iska, zuciyarsa takan buga fiye da sau 1000 a minti guda. Ta mutum, in yana zaune, wajen sau 70 ce. Jikin kolibri kamar wutar kara yake. Tana ci da sauri, in aka daina sa mata kuma, nan da nan ta mutu.

Abincinsa na farko shi ne zumar fure, wato ɗan ruwan nan mai zaƙi da ke can ƙasan fure. Yakan zura dogon bakinsa, ya fito da harshe mai baki biyu, ya riƙa lasa fiye da sau 10 a daƙiƙa. Amma zumar da ke cikin fure guda ko ɗigo ba ta kai ba. Saboda haka daga asuba zuwa almuru yakan bi ɗaruruwan furanni, wani lokaci fiye da 1000. Kowane minti 10 ko 15 sai ya ci. In aka auna abin da ya sha a yini, yakan kai nauyin jikinsa, ko ya fi.

Zaƙi kaɗai ba ya gina jiki. Kolibri yana cin ƙananan ƙwari da ƴan gizo-gizo. Yakan cafke sauro da ƙananan ƙudaje a cikin iska. Da su ne uwa ke ciyar da ƴaƴanta har su yi gashi.

To, da dare fa? Da dare ba ya kiwo. In sanyi ya yi yawa, ko kuma ya kwanta bai ƙoshi ba, sai ya yi wata dabara. Yakan kama reshe, ya bar jikinsa ya huce, zuciyarsa ta rage gudu, numfashinsa ya yi ƙasa. Da rana zafin jikinsa wajen digiri 40 ne. Cikin wannan doguwar suma yakan sauka ƙasa da digiri 20. A shekarar 2020 masana sun ba da labarin wani iri a duwatsun Peru wanda zafin jikinsa ya sauka har digiri 3 da ɗoriya, kuma da safe ya tashi lafiya. Wanda ya gan shi cikin wannan hali sai ya ce gawa ce. Shi ya sa mutanen Meksiko na dā suka ce kolibri kan mutu da sanyi, ya farfaɗo in an yi tsawar damina.

Da gari ya waye yakan yi ta rawar jiki har ya ɗumama. A lokacin nan cikinsa babu kome. In akwai fure kusa, ya tsira. In babu, wuni guda ya isa ya kashe shi.

Furen ma yana da ribarsa. In kolibri ya zura baki, garin fure yakan manne masa a goshi ko a haɓa. Ya tashi da shi, ya kai wa wani fure, sai itacen ya yi ƴaƴa. Akwai itatuwa da yawa a Amurka waɗanda kolibri ne ke yi musu wannan aiki. A duwatsun Andes akwai wani iri mai baki santimetir 10, bakin ya fi gangar jikin tsawo. Shi ke isa ƙasan wani dogon fure wanda sauran tsuntsaye ba su isa.

3. Masu son mallaka

Duk wanda ya ga kolibri yakan so ya riƙe shi. Sarakunan Aztek, waɗanda suka mulki Meksiko kafin zuwan Turawan Sipaniya a 1519, suna da masu sana'ar jera gashin tsuntsu a kan tufafi da garkuwa, har da na kolibri. Cikin ƙarni na 19 kuma matan Turai suka shiga yayin ado da tsuntsaye a kan hula. Aka riƙa kashe kolibri, ana busar da shi, ana kai dubban ɗaruruwa kasuwannin Landan da Paris.

A Ingila an yi wani masanin tsuntsaye, John Gould. Ya wallafa manyan littattafai 5 a kan kolibri. A 1851 ya jera busassun kolibri 1500 cikin akwatunan gilashi a Landan, mutane suka yi ta biyan kuɗi suna kallo. Amma duk wannan lokaci shi kansa bai taɓa ganin mai rai ba. Sai a 1857, da ya ƙetare teku ya je birnin Filadelfiya, ya ga guda yana shan fure a cikin wata garka. Ya sa aka kama masa wasu, ya shiga jirgin ruwa da su, yana ba su ruwan sukari. Ba su daɗe ba suka mutu.

Tun 1987 yarjejeniyar duniya ta kare namun daji ta sa ido a kan cinikin kowane irin kolibri. Duk da haka, a wasu kasuwannin Meksiko ana sayar da busasshensa a ɓoye, an naɗe shi da jan zare, wai layar farin jini ce ga mai neman aure. Mai saye ya biya kuɗinsa, ya koma gida da ɗan busasshen gashi. Tashin nan da jan wuyan nan da suka ja hankalinsa, babu ko ɗaya a cikin layar.

Hanya guda ce mutum zai bi ya samu kolibri a gidansa kullum. Sai ya tuna da cikin tsuntsun, ya shuka masa abinci, ya bar shi ya zo da kansa.

4. Garake a birnin Meksiko

Birnin Meksiko yana bisa tudu, metir 2240 sama da teku. Mutanen da ke cikinsa da kewayensa sun fi miliyan 20. Yana da damina daga Yuni zuwa Oktoba, sa'an nan rani mai daren sanyi. Dā can tafkuna da dazuzzuka ne a wurin. Da gine-gine da kwalta suka rufe ƙasa, furannin daji suka ragu, kolibri ya rasa wurin kiwo.

A babbar jami'ar ƙasar akwai wata malama, Maria del Coro Arizmendi, wadda ta yi shekaru tana nazarin kolibri. A 2014 ta kafa wata ƴar garka a harabar makarantarsu, a Iztakala, arewa da birnin. Furannin da kolibri ke sha kaɗai aka shuka a ciki. Tsuntsaye suka zo. Daga nan aka yi irin wannan garka a makarantun sakandare da dama, mutane kuma suka kwaikwaya a gidajensu. Wanda ba shi da fili ya jera tukwane a bakin taga ko a kan soro.

Garka guda ba ta ciyar da kolibri. Amma in wannan makaranta tana da tata, wancan gida yana da tukwane biyar, wata tsohuwa tana da uku a bayan ɗaki, to, tsuntsu ya samu hanyar bi daga unguwa zuwa unguwa.

5. Yadda ake shirya garkar

Aikin farko zaɓen fure ne. Furen da ya dace da kolibri dogo ne kamar ɗan bututu, yana kallon gefe ko ƙasa, ba shi da wurin sauka. Yawanci ja ne, ko ruwan goro, kuma ba shi da ƙamshi sosai. Akwai dalili. Ƙudan zuma yana bin ƙamshi, yana bukatar wurin da zai sa ƙafa, kuma ba ya ganin ja da kyau. Fure irin wannan yakan ɓoye zumarsa ga ƙudan zuma, ya ajiye wa tsuntsu. Amma kolibri ba ya ƙin fari ko shuɗi. Duk furen da ya gwada ya samu zaƙi, zai koma masa.

Mutanen Meksiko sukan shuka «mirto», wani ɗan tsiro mai jan fure wanda danginsa sun kai ɗaruruwa a ƙasar. Sukan shuka «muicle» mai fure ruwan goro, da «aretillo» mai fure a rataye kamar ƴan kunne, da «toronjil» wanda ake shan ganyensa kamar shayi. Duk tsire-tsiren ƙasar ne. Sun saba da ruwanta da sanyinta, kolibri kuma ya san su tun kaka da kakanni. Furen kanti mai ganye rututu, wanda aka gyara don ado, sau da yawa ba shi da zuma, ko kuma bakin tsuntsu ba ya isa gare ta.

Aiki na biyu lissafin watanni ne, kuma shi ya fi wuya. Da damina ko'ina fure ne, kolibri ba ya bukatar kowa. Da rani ne ake sanin mai garka na ƙwarai. Sai ya haɗa tsire-tsire yadda in wannan ya gama fure wancan ya fara, kada a yi wata guda garka babu abinci. Wanda ya saba wa tsuntsu da ƙofar gidansa, sa'an nan ya bar shi da yunwa a tsakiyar rani, bai kyauta masa ba.

Ana shuka iri ɗaya da yawa a wuri guda, don tsuntsu ya hango daga nesa, kuma kada ya ɓata ƙarfi wajen yawo. Ana sa dogaye a baya, gajeru a gaba. Ana barin wani busasshen reshe a tsaye, gama kolibri yakan yi yawancin yininsa a zaune yana hutawa, yana tsaron furanninsa. Ruwan wanka kuma kada ya yi zurfi. Ya fi son yayyafi, ko jiƙaƙƙen ganye da zai goga jikinsa.

Akwai abubuwan da ba a yi. Ba a fesa maganin ƙwari, don ƙwarin nan abincin ƴaƴansa ne, dafin kuma yana shiga zumar fure. Ba a share saƙar gizo-gizo duka. Da ita macen ke ɗaure sheƙarta. Takan tara audugar tsire-tsire, ta ɗinke da zaren gizo, ta yi ɗan ƙoƙo wanda bai fi rabin ƙwan kaza ba. A ciki take saka ƙwai 2 farare, kowane kamar ƙwayar wake. Da ƴaƴan suna girma, sheƙar tana miƙewa, saboda zaren gizo yana da danƙo. Ita kaɗai ke gini, ita kaɗai ke kwanci wajen mako 2, ita kaɗai ke ciyarwa wajen mako 3. Namiji ba ruwansa. Sai kuma kyanwa. In akwai ta a gida, kada a shuka gajeren fure inda za ta iya laɓewa.

Wasu sukan rataya kwalba mai jan baki, su zuba ruwan sukari. In za a yi haka, awo 1 na farin sukari ake sa wa awo 4 na ruwa. Ba a sa zuma, ba a sa rini. Kowane kwana 2 ko 3 sai an zubar an wanke, in ana zafi ma kullum, don ruwan da ya yi tsami yana sa wa tsuntsu ciwon harshe. Kwalba tana taimako a lokacin da fure ya yi ƙaranci. Sai dai ba ta tara ƙwari, ba ta ba da inuwa, kuma ranar da mai ita ya manta, ta zama guba. Wanda ba zai iya wanki ba, gara ya tsaya ga shuka.

6. Jiran baƙo

Bayan shuka da ban ruwa, sai jira. Nan ne yara ƴan makaranta kan gaji. An yi dashe, ganye ya kama, fure ya buɗe, amma shiru. Mako guda ya wuce, na biyu ya bi. Yaron da aka ba aikin ban ruwa yakan fara cewa aikin banza aka sa shi.

Kolibri ba ya jin kira. Ba a watsa masa tsaba kamar kaza. Yana da hanyarsa da yake bi kullum, kuma sai ran da ya ratsa ya hangi ja zai ratse. Ran nan, mai ban ruwa yana sunkuye, sai ya ji «zuuu» a bayan kunnensa. Kafin ya ɗaga kai, abin ya sha fure uku ya ɓace. In ya yi tsalle ya yi ihu, ya kore shi. In ya tsaya shiru da butarsa a hannu, ba da daɗewa ba tsuntsun zai komo.

Zai komo ne saboda ba ya mantuwa. Masana sun gwada wani iri a duwatsun Kanada. Suka kafa furannin ƙarya 8. Huɗu ana sake cika su bayan minti 10, huɗu bayan minti 20. Ba a jima ba tsuntsun ya gane. Ya riƙa zuwa wa na farko da wuri, yana jinkirta wa na biyu. Kan da bai kai ƙwayar gyaɗa ba yana riƙe da wurin kowane fure da lokacinsa.

Baƙon nan kuma mafaɗaci ne. Da namiji ya samu garka mai kyau, sai ya hau busasshen reshe ya ce tasa ce. Duk ɗan'uwansa da ya matso, ya bi shi da gudu yana tsiwa. Har manyan tsuntsaye yakan kora. Yara kan ji haushi, su ce rowa gare shi. Amma wanda yunwar awa kaɗan ke iya kayar da shi, ba a ga laifinsa ba in ya tsare akushinsa. Maganin abin yana hannun mai garka. Sai ya shuka wasu furanni a bayan ɗaki, inda mai tsaro ba ya hangowa, don mata da ƙanana su samu nasu.

Mai garka ba ya cin naman kolibri, ba ya sayar da ƙwansa. Abin da yake samu shi ne ya zauna da safe a ƙofar ɗaki, tsuntsun ya zo ya tsaya a iska kamu biyu daga fuskarsa, ya dube shi, ya koma ga fure. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya sake mantawa da ban ruwa.

7. Zango a kan hanya

Wasu irin kolibri matafiya ne. Mai jan wuya yakan yi ƙwai a gabashin ƙasar Amurka da kudancin Kanada. In sanyi ya gabato, daga Agusta zuwa Oktoba, sai ya nufi kudancin Meksiko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya. Ba ya tafiya cikin garke. Kowane shi kaɗai yake bi, har ƴaƴan bana waɗanda ba su taɓa ganin hanyar ba.

A gabansa akwai Tekun Meksiko. Wasu sukan bi gaɓa su kewaye. Wasu kuwa sukan ratsa ta tsakiya, wajen kilometir 800, babu reshen sauka, babu ɗigon zuma. Wannan ya fi nisan Yamai zuwa Maraɗi. Tafiyar takan ɗauki wajen awa 20. Kafin ya tashi, sai ya yi kwanaki yana ci babu ƙaƙƙautawa, har nauyinsa ya kusa ninkawa, daga garam 3 zuwa kusan 6. Kitsen nan shi ne guzurinsa. Wanda bai samu isasshen fure a bakin teku ba, ƙarfinsa yakan ƙare a kan ruwa.

Saboda haka mutanen bakin teku a jihohin Tekzas da Luwiziyana sukan shuka furannin da ke buɗewa daidai lokacin wucewarsa. A garin Rockport na Tekzas har biki ake yi masa kowane watan Satumba, masu gida su buɗe garakensu baƙi su shiga kallo. Masana sukan sa wa wasu ɗan zobe mai lamba a ƙafa. Ta haka aka gane cewa tsuntsu guda yakan komo garka guda shekara da shekara.

Akwai wani mai jan baya wanda tafiyarsa ta fi wannan. Yakan tashi daga Alaska ya je Meksiko, wajen kilometir 6000. Daga 1970 zuwa yau yawansa ya ragu da fiye da rabi. Cikin dalilan da ake bayarwa akwai sarar daji, da maganin ƙwari, da canjin yanayi wanda kan sa fure ya buɗe ya bushe kafin matafiyi ya iso. Ga irin wannan tsuntsu, ƴar garkar makaranta zango ce, kamar rijiya a hanyar ayari.

8. Sha-kauci

Ɗan makarantar Tawa ko na Damagaram, in ya ga hoton kolibri a littafin faransanci, yakan ce ya san shi, yana zuwa kan zogalar gidansu. Wanda ya gani sha-kauci ne, wanda Faransawa ke kira «souimanga». Shi na Afirka ne da kudancin Asiya. Ba dangin kolibri ba ne ko kaɗan. Dangin kolibri na kusa su ne tsattsewa. Sana'a ɗaya ce ta sa suka yi kama: ƙaramin jiki, siririn baki, gashi mai walƙiya ga namiji, mace kuwa ba ta da ado.

Ana iya rarrabe su. Sha-kauci yakan kama reshe da ƙafa kafin ya sha, ba ya daɗewa tsaye a iska. Sheƙarsa kuma ƴar jaka ce da ke rataye a reshe, ƙofarta a gefe. A kudancin Nijar akwai mai koren kai da rawayan ciki, wanda kan fito da dogayen gashin wutsiya biyu da rani. Akwai kuma kore mai ja a ƙirji, shi ma da doguwar wutsiya.

Kaucin da ya ba shi suna ba a shuka shi, gama yana shan ruwan itacen da ya hau. Amma akwai sauran abincinsa. Yana shan furen zogala, da na tumfafiya, da na bagaruwa, da na aduwa, da na lemo. Gawo yakan yi huda bayan damina, lokacin da ciyawa ta bushe. Tumfafiya tana fure ko da tsakiyar rani. Zogalar da ake ba ruwa ba ta cika rasa fure ba. Lissafin watanni da ake yi a Meksiko, ana iya yinsa a nan da waɗannan itatuwa.

Abokin gabansa na farko a cikin gari danƙon harbi ne. Yaro ya harbo shi, ya fige, ya tarar naman ko loma guda bai kai ba. In da ya bar shi, da gobe ma ya gan shi, da jibi.

Makarantar da ke da rijiya ko famfo tana iya gwadawa. A dasa zogala biyar a gefen garka. A bar tumfafiya guda a bakin darni, kada a sare ta. A ajiye kasko mai ɗan ruwa a inuwa. Kowace safiya, kafin a shiga aji, yara biyu su zauna shiru minti 15, su rubuta tsuntsaye nawa suka zo, da furen da suka sha. In shekara ta zagayo, a duba littafin, a ga watan da garka ta rasa fure, a nemo itacen da zai cike wannan wata.

Tambayoyi

1. A wace nahiya ake samun kolibri?
2. Me ya sa kolibri ke barin jikinsa ya huce da dare?
3. Don me ba a fesa maganin ƙwari a garkar kolibri?
4. Ta yaya ake rarrabe kolibri da sha-kauci?
5. Waɗanne itatuwa ke fure da rani a garinku?